Sanda huɗu, linzami uku, kwamfuta ɗaya: yadda muka saita MAME a teburin wasan ƙanina

Ranar da abin ya kai ni maƙura ita ce ranar da yara huɗu suka tsaya a gaban teburin, kowa ya kama sandarsa, aka kunna wasan Gauntlet. Yaron da ke can hagu ya tura sanda sama, sai jarumin wanda ke dama ya yi gaba. Daren jiya mun bar komai daidai, kuma babu wanda ya taɓa saiti. Abin da kawai ya shiga tsakani shi ne an ɗauke wuta da asuba. Batirin laftof ɗin da ke ƙarƙashin teburin ya daɗe da mutuwa, saboda haka da wuta ta tafi ita ma ta tafi, da safe aka sake kunna ta.

Ƙanina ya kira ni a waya. "Yaya, abin nan fa ya sake rikicewa."

Karo na uku ke nan, kuma maganinmu ɗaya ne kullum: mu danna Tab, mu shiga jerin saiti, mu bi 'yan wasa huɗu ɗaya bayan ɗaya muna sake ɗaura sama, ƙasa, hagu, dama da harbi. A ɓata minti ashirin, a yi wasa, a watse. Bayan kwana biyu a koma gidan jiya. Sai da muka cire hannu daga wannan jeri sannan muka ga inda ciwon yake.

Abin da ke kan teburin

Kafinta ne ya haɗa teburin da katako. A samansa akwai sandunan wasa huɗu irin na injinan da ake jefa wa kwabo a gidajen wasa na Amurka da Japan, kowace da maɓallai uku na wasa da ɗaya na farawa. Kowace sanda tana da nata ƙaramin allon lantarki da ke mayar da ita na'urar USB, irin masu arahar nan da ake sayarwa tare da sanda da wayoyi a leda ɗaya. Sai linzaman kwamfuta uku masu waya, biyu iri ɗaya ne, na ukun daban. Sai ɗan kibod marar waya da ake ajiyewa a gefe don gyare-gyare. Duka suna shiga mahaɗar USB biyu, su kuma su shiga tsohuwar laftof mai Windows 10 da aka jona wa talabijin.

Manhajar ita ce MAME, mai sa kwamfuta ta kwaikwayi waɗancan tsofaffin injinan wasa, wadda wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fitar a 1997, kuma har yau masu aikin sa-kai ke ci gaba da ita. Ba ta zuwa da wasa ko ɗaya, fayilolin wasannin mallakar kamfanoninsu ne, wannan kuma zance ne na wata rana. Akwai 'yan kaɗan da masu su suka yarda a raba kyauta a shafin MAME, cikinsu har da Gridlee, wanda ake bugawa da ƙwallon murzawa. Da shi muka riƙa gwada linzami.

Wasanni huɗu ƙanina ya fi damuwa da su. Gauntlet na kamfanin Atari Games, 1985, mutum huɗu a lokaci guda. NBA Jam na Midway, 1993, shi ma huɗu. Waɗannan na sanda ne. Sai Marble Madness na 1984, wanda Mark Cerny ya tsara, mutumin da daga baya ya jagoranci ƙera PlayStation 4 da 5, inda mutum biyu ke tseren gangara ƙwallo. Sai Rampart na 1990, inda mutum uku ke harba wa ganuwar juna igwa, sannan a ba su ɗan lokaci su toshe ɓarakar da aka yi musu kafin a sake luguden wuta. Waɗannan biyun ba sanda aka yi musu ba, ƙwallon murzawa ne, kuma shi ya sa linzamai suka shigo cikin maganar. Rampart yana da wani samfuri na mutum biyu mai sanda, amma na mutum ukun muke so.

Wanda bai taɓa ganin ƙwallon murzawa ba, ya tuna tsohon linzami mai ƙwallon roba a cikinsa, ya kifa shi. Ƙwallon yana zaune a kan 'yan ƙarafa biyu masu juyawa, kowane da faifai mai ramuka a bakinsa. Haske yana ratsa ramukan, na'ura tana ƙirga sau nawa ya ƙifta da kuma ta wane ɓangare faifan ya juya. Sandar wasa kuwa makunnai huɗu ne kawai a ƙarƙashin ƙarfe. Sanda tana cewa "hagu nake so". Ƙwallo yana cewa "na matsa taku goma sha biyu hagu". Linzami ma irin maganar ƙwallon yake yi, don haka yake iya tsaya masa. Shi wasan da kansa bai san wani abu wai shi USB ko linzami ba, wayoyin injinsa na 1984 kawai ya sani. MAME ce tafinta a tsakani, kuma duk rikicinmu na tafinta ne da bai san wa ke magana ba.

Linzami uku, hannu ɗaya

Mun fara da linzamai, don a nan ne abin bai taɓa yin daidai ba ko sau ɗaya. Ƙanina ya riga ya haƙura da Rampart.

Manyan saitunan MAME suna cikin fayil mai suna mame.ini. In babu shi, umarnin mame -createconfig yana ƙirƙirarsa. A cikinsa layin mouse yana zuwa da 0, wato MAME ba ta sauraron linzami sam sai an ce ta saurara. Ƙanina ya riga ya mayar da shi 1. Sakamakon da ya samu shi ne duk linzamin da aka motsa cikin ukun, alamar ɗan wasa na ɗaya ce ke motsi. Mutum uku suna jan akuya ɗaya.

Wannan ɗabi'ar kwamfuta ce ta yau da kullum. Ka jona linzami goma, kibiya ɗaya za ka gani a allo, domin ana haɗa motsinsu a zuba a wuri guda. MAME ma haka take yi sai an kunna layin multimouse. Muka mayar da shi 1, muka kunna wasa, babu abin da ya canza.

Nan na ɗan tsaya ina bin fayil ɗin layi-layi, sai na ga mouseprovider an rubuta dinput a gabansa. Na tambayi ƙanina. Ya ce wani mame.ini ne ya kwafo daga intanet tun farkon haɗa teburin, wai an ce ya fi sauri. Wannan layin shi ke faɗa wa MAME ta wace ƙofa za ta karɓi labarin linzami daga Windows. Ƙofar dinput da ta win32 haɗaɗɗen motsi suke miƙowa, don haka ko an kunna multimouse babu abin rabawa. Ƙofar rawinput, wadda ta shigo tun zamanin Windows XP, ita ce ke faɗin wace na'ura ce ta motsa. In an bar layin a kan auto, ita MAME ke zaɓa da kanta. Muka mayar da shi auto.

Yanzu linzaman sun rabu, amma sai ɗan wasa na ɗaya ya sandare. Linzami guda yana motsa na uku, sauran biyun ba sa motsa kowa.

Umarnin mame -verbose yana sa MAME ta jero duk na'urar da ta gani lokacin tashi, da lambar da ta ba kowace da doguwar shaidarta. Sababbin fitowar manhajar suna nuna wannan a cikin jerin Input Devices, har da wurin kwafe shaidar. Muna tsammanin linzami uku, sai muka ga biyar. Na ɗaya shi ne faifan shafawa na jikin laftof, wadda ke rufe a ƙarƙashin tebur. Na biyu ɗan mitsitsin abin da ake soka wa kwamfuta na kibod marar waya, wanda ke gabatar da kansa a matsayin kibod da linzami a lokaci guda. Namu na gaskiya su ne na uku, na huɗu da na biyar. Ita kuwa MAME tsarinta na asali shi ne linzami na ɗaya na ɗan wasa na ɗaya, na biyu na ɗan wasa na biyu, haka har ƙasa. Ashe ɗan wasa na ɗaya yana can a ɗaure da faifan da hannu ba ya kaiwa.

Abin da zuciya ke raya wa mutum a nan shi ne ya danna Tab ya ɗaura ɗan wasa na ɗaya a linzami na uku, shi ke nan. Zai yi aiki a daren. Amma abin da MAME ke rubutawa a fayil shi ne MOUSECODE_3, wato lamba, ba ta rubuta "baƙin linzamin nan mai tsagewa a gefe". Lambar kuma tana bin jerin da Windows ta miƙo na'urorin a wannan tashin. A cire ɗan abin kibod ɗin, ko wata mahaɗa ta riga wata farkawa bayan an dawo da wuta, na uku ya zama na biyu. Wannan shi ne ainihin abin da ke cin mu a wajen sanduna tun farko, sai dai a wajen linzamai muka fara ganinsa ƙuru-ƙuru.

Ɗaure lamba a jikin na'ura

MAME tana da hanyar da ake ce mata: duk inda kika ga na'ura mai shaida kaza, ba ta lamba kaza. Ana rubuta wannan a wani fayil da ake ajiyewa cikin jakar ctrlr. Namu mun sa masa suna tebur.cfg, muka je mame.ini muka rubuta tebur a gaban layin ctrlr. Ga ƙirarsa, na sa x a madadin lambobinmu:

<mameconfig version="10">
<system name="default">
<input>
<mapdevice device="VID_xxxx&amp;PID_xxxx" controller="MOUSECODE_1" />
</input>
</system>
</mameconfig>

Kowace na'ura layin mapdevice ɗaya. Ba dole a kwafe shaidar gaba ɗayanta ba, guntun da ya bambanta ta da sauran ya isa. VID lambar kamfanin da ya ƙera na'urar ce, PID lambar samfurin. Linzamin da yake daban, waɗannan biyun sun ishe shi. Biyun da suke iri ɗaya kuwa VID da PID ɗinsu ɗaya ne, sai da muka ƙara da guntun da ke biye, wanda Windows ke ƙirƙira daga ramin USB da aka soka na'urar in ba ta da lambar kanta. Ma'anar wannan ita ce shaidar ta rami ce. In aka musanya musu rami, sun musanya lamba. Saboda haka ƙanina ya samo farin salatif ya rubuta 1, 2, 3 a wutsiyar kowace waya da bakin kowane rami.

Wani ɗan tuntuɓe da ya ci mana rabin sa'a: shaidar tana cike da alamar &, kuma a irin wannan fayil ba a rubuta ta tsirara, sai an rubuta &amp; kamar yadda yake a sama. Mun manta guda ɗaya, fayil ɗin gaba ɗaya ya ƙi karantuwa, muna ta zargin wayoyi.

Da muka gyara, shaida ta nuna linzamanmu sun zama 1, 2, 3. Muka kunna Rampart da murna, sai ga shi ɗan wasa na ɗaya yana amsa wa linzami na uku.

Tsohon aikinmu ne ya dawo ya cije mu. Saitin maɓallai a MAME hawa-hawa ne. A ƙasa akwai na asali da aka gina a cikinta. A kansa fayil ɗin ctrlr. A kan wannan default.cfg da ke cikin jakar cfg, inda take adana duk abin da aka canza a jerin saiti na gama-gari. A can sama kuma fayil ɗin kowane wasa, kamar rampart.cfg, inda take adana abin da aka canza wa wannan wasan shi kaɗai. Na sama yana danne na ƙasa. Makonnin da muka yi muna danna Tab sun bar tarkace a hawa biyu na sama, wani gyaran a na gama-gari, wani a na wasa, babu wanda ya tuna wanne ne a ina. Muka ɗauke jakar cfg gaba ɗaya muka ajiye ta gefe da wani suna. Ban ce a goge ba, domin a cikin waɗannan fayiloli ne ake adana wasu saitunan injin, irin su wahalar wasa da yawan rai. MAME ta ƙirƙiri sababbi, kowane linzami ya kama mai shi.

Abu biyu muka ƙara a nan. Maɓallin farko na wasa yana faɗawa kan maɓallin hagu na linzami, amma na biyu, wanda a Rampart shi ke juya guntun ganuwa, a tsarin asali yana kan maɓallin tsakiya, wato danna tayar nan. Cikin gaggawar toshe ganuwa wannan azaba ce. Muka mayar da shi maɓallin dama ga duka ukun, a jerin wannan wasan kawai. Sannan muka mayar da mouse zuwa 0, muka rubuta mouse a gaban trackball_device. Da haka linzami yana farkawa ne kawai a wasan da ke da ƙwallon murzawa. A da, ana tsakiyar Gauntlet gwiwar hannun wani ta danne linzamin da ke gefe, jarumi ya yi ta harbi babu wanda ya sa shi.

'Yan huɗu masu suna ɗaya

Na zaci sanduna za su bi sahu. Muka kwafe shaidar allunan huɗu, muka rubuta layuka huɗu, JOYCODE_1 zuwa JOYCODE_4. Muka kashe kwamfuta muka kunna, daidai. Muka sake, daidai. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke wuta, ta biyu da ta huɗu suka musanya.

Allunan huɗu suna ɗaya suke faɗa, VID ɗaya, PID ɗaya, babu lambar da ta keɓanta da kowane. Shaidar da ake samu ta ƙofar sanduna kuma ba ta ɗaure da rami kamar ta linzami ba. Tamkar 'yan huɗu ne masu kama ɗaya da suna ɗaya a layin karɓar kati, wanda ya riga isowa shi ke ɗaukar kati na farko. Bayanan MAME da kansu sun faɗi wannan iyaka: ba za ta iya ɗaure lamba ba sai in shaidar da take samu tabbatacciya ce kuma ba ta yi kama da ta wata na'ura ba. Masu ƙera kayan da aka yi domin wannan aiki sun san matsalar. Bindigogin wasa na AimTrak, alal misali, ana iya ba kowace lambarta, ta farko ta fito da PID 1601, ta biyu 1602. Allunanmu na mutum ɗaya aka yi su, mu ne muka tara huɗu a wuri guda.

Hanya uku muka duba. Ta farko, a zare wayoyin huɗu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, a mayar da su bi da bi kafin a buɗe MAME. Ƙanina ya yi haka na mako guda, yana rarrafe ƙarƙashin tebur, kuma in ba ya gida yara ba sa iyawa. Ta biyu, a koma na'urorin hannu irin na Xbox, waɗanda ke da gurabe huɗu daidai. Amma su ma jerin jonawa suke bi, kuma in za a riƙe abu a hannu to me ya kawo kafinta? Ta uku ita muka ɗauka: a daina nuna wa kwamfuta sanduna gaba ɗaya.

Akwai allon da ke karɓar wayoyin dukkan 'yan wasa ya fito wa kwamfuta a matsayin kibod guda. Wanda muka yi oda shi ne I-PAC 4 na kamfanin Ultimarc, mai gurbin waya 56. Mu 36 muke buƙata: kowane ɗan wasa ɓangare huɗu, maɓalli uku, farawa da kwabo, tara sau huɗu. Sandar ɗan wasa na ɗaya ta zama kibiyoyin kibod, ta na biyu R, F, D, G, ta na uku I, K, J, L, ta na huɗu lambobin gefen dama 8, 2, 4, 6. Haruffan da MAME ta tanada ke nan tun asali. Harafin R ba ya canza lamba don an ɗauke wuta. Wayar da aka ɗaure da sukurori a gurbin ɗan wasa na biyu tana nan a gurbin ɗan wasa na biyu.

Ƙanina ya so ya fasa tsohon kibod ya jona wayoyin a cikinsa don ya huta da kuɗin oda, na hana shi. Kibod na yau da kullum yakan tsaya a maɓallai shida a lokaci guda ban da su Shift da Ctrl, wasu ma kafin shida sun fara haɗiye wani ko ƙirƙiro wanda ba a danna ba, saboda yadda aka saƙa wayoyinsu. Mutum huɗu, kowa ya karkata sanda kusurwa yana harbi, maɓallai goma sha biyu ke nan.

Zama kibod ya zo da nasa 'yan rigingimu, ƙanana amma masu ban dariya. Maɓalli na biyu na ɗan wasa na uku Shift ne na dama. A danna Shift sau biyar a jere, Windows ta fito da tambayar ko ana son Sticky Keys. A riƙe na dama daƙiƙa takwas, ta fito da ta Filter Keys. An yi su ne don masu lalurar hannu, amma a tsakiyar wasa sai dai a ji ƙara allo ya tsaya. Muka kashe gajerun hanyoyin biyu a saitin Windows. Sai NBA Jam: lokaci-lokaci hoton yana tsukewa ya koma ƙaramar taga, ya sake buɗewa. Maɓalli na biyu na ɗan wasa na ɗaya Alt ne na hagu, maɓalli na uku na ɗan wasa na uku Enter ne, kuma Alt da Enter tare su ne umarnin MAME na sauya cikakken allo da taga. Yara biyu da ba su san suna haɗa baki ba. Muka shiga sashen User Interface muka cire wannan umarnin.

Maganar kwabo ma sai da ta dawo da kafinta. Da farko maɓallin kwabo ɗaya ne a teburin, sauran ana danna su a ɗan kibod. A Gauntlet kowane ɗan wasa da ramin kwabonsa, kuma kwabon ƙarfin jarumin wannan gurbin yake ƙarawa. A MAME su ne 5, 6, 7 da 8. Da maɓalli ɗaya, jarumi ɗaya ke ƙoshi sauran suna mutuwa. Aka huda ramuka uku.

Ƙwallon da ke komawa baya

Saura Marble Madness, kuma a nan na fi jin daɗin aikin, don matsalar ta lissafi ce zalla. In aka ja linzami a hankali, ƙwallo yana bin hannu. In aka fizge shi da ƙarfi, wanda shi ne abin da kowa ke yi in lokaci ya kusa ƙarewa, sai ƙwallon ya yi turus ko ya ja da baya.

Injin wasan yana leƙa ma'aunin ƙirga ne lokaci-lokaci, ya kwatanta lambar yanzu da ta ɗazu. Ma'aunin yana da iyaka, in ya cika sai ya zagayo. Ɗauki mai ƙirga daga 0 zuwa 255. In tsakanin leƙe biyu an matsa taku 200 gaba, lambar da za a gani daidai take da ta wanda ya matsa taku 56 baya, kuma injin zai ɗauki mafi kusa. Kamar ka bar agogo a sha biyu ka dawo ka tarar da shi a goma: awa goma ya yi gaba, ko awa biyu aka mayar da shi baya? Faifan ƙwallon asali ramukansa 'yan gomomi ne, hannun mutum ba ya cika ma'aunin. Linzamin yau yana ƙirga ɗaruruwa, wani fiye da dubu, a tafiyar inci ɗaya.

Maganin yana cikin jerin daidaita na'urorin murzawa, wanda tsofaffin fitowa ke kira Analog Controls, sababbi kuma Analog Input Adjustments. Kowane ɗan wasa yana da Sensitivity na kwance da na tsaye. Muka riƙa rage shi kaɗan-kaɗan, ƙanina yana fizgar linzami iya ƙarfinsa, har ƙwallo ya daina komawa baya, sannan muka ƙara ragewa kaɗan. Saitin saurin kibiya na Windows ba ya shiga nan, tunda rawinput ɗanyen motsi take kawowa, don haka kada a ɓata lokaci a can. Kuma da yake linzaman ba iri ɗaya ba ne, lamba ɗaya ba ta ba su gudu ɗaya. Muka shimfiɗa rula, muka ja kowane tazara guda, muka daidaita har alamomin suka riƙa tafiya daidai. Kafin wannan, a Rampart mai linzamin da yake daban kullum shi ke cin wasa, yana ta cika baki.

Wani abin da na so na taɓa amma na bari: a injin asali an karkata na'urar ƙwallon Marble Madness da digiri 45, kuma MAME ta riga ta yi wannan lissafin a cikinta. In ka ga motsi ya yi maka baƙo a minti na farko, yanayin hoton wasan ne mai gangara a karkace, ba saiti ba.

Kowane layin ƙwallo a jerin saiti kashi uku ne: Analog, inda linzami ke shiga, sai Dec da Inc, waɗanda aka tanada don mai son tura ƙwallo da maɓalli. Su biyun a kan haruffan sanda suke, saboda haka wanda ya jingina da sandarsa yana tura ƙwallonsa bai sani ba. A Marble Madness mun share su. A Rampart ƙanina ya ce a bari, don ƙaramar 'yarsa ba ta iya linzami ba tukuna, da sanda take jan alamarta. Ban so ba, amma teburinsa ne.

Da muka gama, muka kwafe mame.ini da jakar ctrlr da jakar cfg zuwa filasha, aka rataye ta a ƙusa a cikin teburin.

An ɗauke wuta ba adadi tun daga lokacin, kowa yana tashi a gurbinsa. Sau ɗaya aka samu rikici, ranar da aka ari linzami na biyu aka kai wata kwamfuta aka kunna MAME babu shi, lambobin suka goce. Da aka mayar da shi raminsa aka sake buɗe manhajar, komai ya koma daidai.

Abin da bai gyaru ba shi ne Marble Madness da linzami. An yi wasan ne don tafin hannu ya mari ƙwallo ya bar shi yana gudu, linzami kuwa yana kaiwa bakin tebur sai an ɗaga shi an dawo da shi, a wannan ɗagawar ƙwallonka ya faɗa rami. Ana sayar da ƙwallon murzawa na gaske mai USB, kwamfuta tana ganinsa a matsayin linzami, don haka layi biyu kawai za mu canza a tebur.cfg. Ƙanina ya auna filin da ya rage tsakanin sanda ta biyu da ta uku, ko ɗaya ba zai shiga ba balle biyu. Kafinta ya ce sai dai a sake saman teburin gaba ɗaya, kuma har yanzu ba su daidaita a kan kuɗin katako ba.